Makarantar Raki ta Kaporal Abdulhamid

Jawabin da jikarsa Hamdiya ta karanta ranar sadakar arba'in, a ɗakin taro na unguwar Minguettes da ke Lyon

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fara gaisuwa da Malam Liman, wanda ya wanke Kaka ya kuma sallace shi. Ina gaishe da Alhaji Sa'ad, da ya taso daga ofishin jakadancinmu na Paris. Ina gaishe da shugabar ƙungiyar ƴan Nijar mazauna Lyon, Hajiya Aisata, da masu taimaka mata. Ina gaishe da iyayenmu mazan jiya, na nan unguwa da waɗanda suka biyo jirgin ƙasa daga Clichy-sous-Bois, can gefen Paris. Sannunku da hanya, mun san zaman jirgi ba shi da daɗi gare ku. Ina gaishe da kakata, Hajiya Mariama. Takaba ta hana ta saukowa, amma tana sama tana jin mu ta wayar ƴarta, Inna Ruwaida. Hajiya, in ba kya ji na sosai, ki ce a matso da wayar. Ina gaishe da babana da ƙannensa, da iyayena mata, da yayyenmu ɗalibai da suka jera kujeru suka hura wutar shayi. Na gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Hamdiya. Ni jikar marigayi Kaporal Abdulhamid ce, ƴar babban ɗansa. Bana na shiga kolej, wato ƙaramar sakandare. Ban saba magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta, zan karanta. In muryata ta yi ƙasa ku yi haƙuri.

Wataƙila wani zai ce me ya sa aka bar manya aka ba yarinya. Babana aka fara ba. Ya ce ba zai iya tsayawa cikin jama'a ya kama sunan mahaifinsa ba, balle ya ba da labarin ciwonsa. Baffa Mustafa ma haka ya ce. Sai Hajiya ta ce to a ba jika, tunda tsakanin kaka da jika wasa ne, abin da ɗa ke jin nauyinsa jika tana faɗa. Don haka da bakin jikokinsa nake magana, da bakin yaran benenmu, da na duk wanda ya taɓa hawowa gidansa ya zauna.

Akwai abu na biyu. Baba Ilya, aminin Kaka, ga shi can zaune kusa da ƙofa. Ranar Alhamis mai zuwa an ba shi ganin likita a Paris, a kan ƙarar da ya ɗaukaka ta ciwon bayansa. Kaka ne ya yi niyyar raka shi. Labarin Kaka da na wannan Alhamis a haɗe suke, ba zan iya ba da ɗaya in bar ɗaya ba. Baba Ilya ya san zan kama sunansa, kuma ya yarda.

Kaka ya kasance mutumin Damagaram, haifaffen unguwar Birni. Ya zo ƙasar nan yana saurayi ya shiga soja, aka sa shi cikin masu dirowa da laima daga jirgin sama. Wata rana wurin atisaye iska ta kwashe shi ta maka shi a kan dutse, da ƙugu ya sauka. Ya tashi ya naɗe laimarsa ya bi sahu. Bai gaya wa kowa ba, sai da ta kai ya kasa sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Da aka ɗauki hoton ƙashi aka ga ƙasusuwan bayansa na ƙasa sun tsage, sun kuma haɗe a karkace. Da wannan bayan ya ƙarasa aikin soja. Da shi ya yi gadin dare a wata masana'anta har ya yi ritaya. Da shi ya ɗauke mu duka muna jarirai.

Ya kasance mai tafiya a miƙe. Kun tuna shi a kasuwar Asabar, yana ja wa Hajiya jakar kasuwa mai taya, kansa a sama kamar mai fareti. Mutane suna cewa, ka ga soja. Mu ƴan gida mun san rabin miƙewar soja ce, rabin kuwa bayan ne ba ya lanƙwasuwa.

Ya kasance ba ya kwana a katifa, sai a ƙasa bisa darduma. Bayan la'asar zai kwanta rub da ciki a falo ya kira jika, ya ce zo ki yi aikin tuwon da kika ci. Sai ki hau bayansa, ki dafa bango, ki riƙa takawa a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu. Babu jikan da bai yi wannan aiki ba. In kin yi nauyi a sauke ki a ɗora ta ƙasa da ke. Ni bara aka sallame ni, ya ce na zama buhun gero. Lina, jikar da ke bi mini, ita ce ta gaje ni. A wannan lokacin kaɗai muke jin yana cewa wash. In babba ya turo ƙofa kuwa, sai ya tashi zaune ya ce wasa yake yi da yara.

Ya kasance in an tambaye shi jiki, amsarsa ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi. Dukanmu haka aka koya mana. Ko mutum yana gadon asibiti da robar iska a hanci, in ka ce yaya jiki zai ce maka da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma ita ta kayar da Kaka har sau biyu, kuma shi da kansa yake ba da labarin yana dariya.

Sojan da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin fanshon naƙasa. Likita ne ke duba shi ya rubuta inda raunin ya kai, a kan abin da ya rubuta ake yanke hukunci. Kaka ya daɗe bai nema ba, yana cewa shi ba naƙasasshe ba ne. Sai da Hajiya ta matsa masa. Ranar da zai ga likita a nan Lyon, ya yi aski, ya ɗauko babbar rigarsa ta Idi, ya liƙa lambobinsa, ya shafa turare. Ya sha ƙwayar ciwo ninki biyu don kada ya je yana ɗingishi gaban mutane. Da aka kira sunansa ya miƙe zumbur ya ƙame. Likita ya nuna masa kujera, ya ƙi zama sai da likitan ya zauna. Aka tambaye shi bayan, ya ce ça va, docteur, wato lafiya lau likita, an gode Allah. Aka ce ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ya cije haƙori ya taɓa, ya taso yana murmushi. Hajiya ta ce sai da suka fito waje ya dafa bango, gumi yana ta zuba, tram, jirgin cikin gari, yana zuwa yana wucewa bai iya ɗaga ƙafa ya hau ba.

Likitan bai yi laifi ba. Abin da ya gani ya rubuta. Aka ce raunin ƙarami ne.

Kaka ya ɗaukaka ƙara, aka tura shi Paris wurin wata likita. Wannan karon Hajiya ta ɓoye ƙwayoyin, ta yi ta ja masa kunne tun daga tashar jirgi har suka isa. Ya yi mata alkawari. Da suka shiga sai ya tarar likitar yarinya ce, ba ta kai Inna Ruwaida ba, ga ta da tsohon ciki, tana kiciniyar jawo wata kujera mai nauyi. Kafin Hajiya ta buɗe baki Kaka ya ɗauke kujerar cak ya ajiye mata. Hajiya ta ce tun a nan ta san tafiyar banza suka yi. Likitar ta gode masa, ta tambaye shi abubuwan da ba ya iya yi wa kansa. Ya sunkuyar da kai ya ce yana iya komai. Daga baya ya ce mana: "Ta yaya zan dubi ƴar cikina in ce mata matata ke wanke mini ƙafa in zan yi alwala?"

Ƙarar ta faɗi.

Sai wata Juma'a, bayan an fito masallaci, wani tsohon soja ya gaya masa shi ma an ce nasa raunin ƙarami ne. Kaka ya tambaye shi me ya sa ranar, me ya ce wa likita. Rigar Idi, turare, ça va. Ya nemi wani ya tambaya, ya buga wa tsofaffin sojojin Clichy waya. Duk labarin ɗaya ne. Ya dawo gida ya ce wa Hajiya, ashe ladabinmu ne ke kayar da mu.

Daga nan aka fara abin da yawancinku kuka sani. Kowace Lahadi bayan azahar, falonmu ya cika da dattawa. Hajiya ce ta raɗa wa zaman suna, ta ce maza sun tsufa sun dawo koyon raki, sunan kuwa ya bi shi. Ko a waya za ka ji ana cewa, gobe akwai makarantar raki?

Kaka zai jawo teburin guga ya zauna bayansa, ya ɗora tabarau ɗin Hajiya a kan hanci, shi ne likita. Ɗalibi ya fita waje ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo. In ya shigo da tafiyar soja, Kaka zai ce masa koma, haka kake tafiya in ka tashi da asuba za ka banɗaki? Sai mutum ya koma ya shigo da tafiyarsa ta gida, wadda ba ya bari kowa ya gani. Sannan a tambaye shi jiki. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce da sauƙi, ya rasa shayi na fari da na biyu, sai na uku mai ruwa-ruwa. Mun ga manyan mutane masu furfura suna roƙon a yafe musu. Da farko muna laɓewa bayan ƙofa muna dariya. Da Kaka ya gane, sai ya ce mu shigo mu zauna a gaba. Dattawa suka ce haba Kaporal, gaban yara? Ya ce wanda ya iya faɗa gaban jikata zai iya faɗa gaban ƴar likita.

Ya kasance ba ya son ƙarya ko kaɗan. Wani ya taɓa shigowa yana nishi yana jan ƙafa kamar zai mutu. Kaka ya cire tabarau ya ce masa, ba kai na gani jiya kana bin bas da gudu ba? Ya sallame shi ba shayi ko na uku. Abin da yake maimaitawa kullum shi ne: "Ban ce ku ƙara ba. Cewa na yi kada ku rage."

Ba kowa ya so abin ba. Wasu sun ce butulci ne, mutum ya zauna yana lissafa ciwonsa kamar Allah bai yi masa komai ba. Maganar ta dami Kaka, har ya rufe makarantar ya je wurin Malam Liman. Malam yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini. Ya ce masa gaya wa likita ciwonka ba kai ƙarar Ubangiji ba ne, kuma ɓoye wa mai magani cuta ba shi ne haƙuri ba. Lahadin da ta biyo aka sake buɗewa, har da waɗanda suka yi sukan.

Ya kasance mai rakiya. Karatun Faransancinsa bai da ƙarfi, don haka yayyenmu ɗalibai ke rubuta takardu, musamman Yaya Shamsiya mai karatun shari'a. Yana ce musu takarda taku, baki nawa. In an ba mutum rana a Paris, Kaka ne zai bi shi. Ba ya iya zaman jirgi, tsaye yake tafiya tsakanin taragu yana riƙe da ƙarfe har a isa. A bakin ƙofar likita zai miƙa hannu ya karɓe lambobin mutum ya zuba a aljihu, ya ce in ka fito ka karɓa, yau ba jarumi ake nema ba. In an gama ya biya da mutum kasuwar Barbès, ƙarƙashin gadar jirgin metro, ya saya masa ɗamarar baya, mu kuma ya riƙo mana alewa. In ya dawo sai ya yi kwana biyu a ƙasa bai fita ba.

Ba zan ce duk wanda ya raka ya ci ƙararsa ba. Wasu sun ci, wasu ba su ci ba. Waɗanda suka ci suna cikin ɗakin nan, na ga wasu suna gyaɗa kai. Tasa ƙarar kuwa ya sake buɗe ta, amma kullum Yaya Shamsiya ta zo don tasa sai ya tura mata ta wani, ya ce wannan ya fi shi matsuwa. Har ya rasu ba a kai gare ta ba.

A makarantar nan kowa ya koya, ban da mutum ɗaya.

Baba Ilya mutumin Tawa ne. Runduna ɗaya suka yi da Kaka. Ranar da Kaka ya faɗa kan dutse, shi kaɗai ya lura. Ya ɗauke masa jakar baya ya haɗa da tasa har suka isa bariki, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Daga bakin Kaka muka ji. Shi Baba Ilya, nasa raunin motar soja ce ta kife da su. Yanzu yana zaune shi kaɗai a Clichy tun da matarsa ta rasu, can saman bene, a gidan da asansar ɗinsa, wato injin hawa bene, ya fi lalacewa a kan aiki. In abin ya lalace, Baba Ilya ba ya saukowa sai an gyara.

Shi ma an ce raunin ƙarami ne. Kaka ya sa shi ya ɗaukaka ƙara, masu duba ƙarar suka ce a sake gwada shi wurin wani likita. Shi ne na ranar Alhamis. Yaya Shamsiya ta bayyana mini cewa in aka yarda da girman raunin, za a iya ba shi mai zuwa taimaka masa a gida, kuma zai samu hujjar neman ɗaki a ƙasa. In ba a yarda ba sai kotu, kotu kuwa shekaru take ɗauka. Baba Ilya ya ce shi ba ya da shekarun, balle ƙafafun hawan benen.

Kaka ya koya masa a falo, ya koya masa a waya. Yana kiransa daƙiƙin aji. Ga yadda suke yi, mun haddace:

"Ilya, yaya bayan?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake yi."

"To kai da ka sani, me ya sa kake tambayata?"

"Likitan bai sani ba, tsohon banza."

"In likita ne ai ya kamata ya gano da kansa."

Sai Kaka ya jefar da tabarau ya ce wa Hajiya a ba wannan ruwan zafi kawai. Baba Ilya ya sha ruwan zafinsa yana cewa shi ba a haife shi da bakin raki ba, mutanen Damagaram ne suka gaje shi.

Ciwon da ya ɗauke Kaka ba na baya ba ne, zuciya ce, kuma bai daɗe yana jinya ba. Ranar da muka je gaishe shi ta ƙarshe a asibiti, bai yi maganar kansa ba. Ya riƙa tuna wa Hajiya ranar ganin likitan, yana cewa kada a bar Ilya ya sa rigar Idi, kada a bar shi ya shiga shi kaɗai. Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Mu mata ba mu je maƙabarta ba. Abin da zan faɗa babana ne ya gaya mana, kuma da yawanku kun gani da idonku. Da aka sauke akwatin daga mota, maza suka matso don ɗauka, kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka ya ba wani, kamar yadda ake yi. Mazan jiya suka ce su za su fara. Baba Ilya ya kama gaba, wajen kai. Babana ya ce ya ga fuskarsa ta canza tun da nauyin ya sauka masa. Bai yi nisa ba ya tsaya, duk sahun ya tsaya. Ya ce, yadda kowa ya ji:

"Ku karɓa. Ba zan iya ba. Bayana."

Wani ɗalibi ya sa kafaɗa. Baba Ilya ya koma gefe ya dafa itace, shi ne na ƙarshen isa bakin kabari.

Tun ranar ya daina ɗaukar waya. Da babana ya same shi da ƙyar, ya ce ba zai je ganin likitan ba, a soke. Ya ce mutumin da ya kasa kai amininsa kabari ba shi da fuskar zuwa neman a biya shi a kan kasawar. Babana ya yi magana, Baffa ya yi, abokansa na Clichy suka yi, bai saurari kowa ba. Wannan taron ma cewa ya yi ba zai zo ba, sai da Hajiya ta kira shi da kanta ta ce in bai zo ba ita za ta fita cikin takabarta ta je ta ɗauko shi.

Ya iso shekaranjiya, ya sauka gidan Baffa Mustafa. Jiya bayan azahar Hajiya ta ba ni fura in kai masa, ta haɗa ni da saƙo. Na same shi kwance a ƙasa. Da ya ji sallamata ya fara ƙoƙarin tashi zaune, sai kuma ya fasa, ya ce ai ke ce. Na ajiye furar na gaya masa saƙon yadda aka ba ni. Hajiya ta ce: maigidan ya yi shekaru yana jiran kalmomin nan daga bakinka bai samu ba, ranar nan ka faɗe su, kuma daidai kunnensa ka faɗa. Ta ce ita ba ta ga kasawa a nan ba.

Ya tambaye ni ko Hajiya ce ta faɗi haka, ko ni na ƙara gishiri irin na jikoki. Na ce ita ce. Ya tambayi abin da zan karanta yau, na karanta masa. Ya yi dariya wurin kujerar likita, ya ce shi ma da ɗauka zai yi. Da na kai wurin maƙabarta na tsaya, na ce in bai so zan cire. Ya ce in bari. Sai ya ce:

"Na san halina. In na shiga wurin likitan nan da sauran abin ɓoyewa, zan ɓoye. Amma in duk Minguettes da Clichy sun riga sun ji, me ya rage? Ni bakina ba zai iya ba gaban jama'a. Ke jika ce, ba ki da kunya. Ki faɗa musu."

Ina da kunya, Baba Ilya. Amma ka aike ni.

Baba Ilya ya ce in gaya muku ba ya iya sa safa. Shi ya sa kuke ganinsa da takalmi ba safa ko ana ƙanƙara, ba wai mutanensu na Adar ba sa jin sanyi ba ne kamar yadda yake ce muku. Ya ce ba ya iya ruku'u, ba ya iya sujada, a kujera yake salla. Abin da ya raba shi da masallacin Juma'a ba asansar kaɗai ba ne, kunyar a gan shi a kujera ce, ga sa'anninsa a sahu. Ya ce ƙafarsa ta hagu ba ya jin ta daga gwiwa zuwa ƙasa, in yana tafiya kallonta yake yi don ya san inda ta sauka. Ta taɓa kayar da shi a banɗaki, ya daɗe a ƙasa kafin maƙwabci ya ji bugunsa, kuma ya ce wa maƙwabcin sabulu ne. Ko Kaka bai san wannan ba.

Ya ce akwai wani abu kuma, amma wannan ba na kunnen jika ba ne. Na likita ne, kuma da bakinsa zai faɗa ranar Alhamis.

Zai je ke nan. Babana ya ɗauki hutu a wurin aiki, shi zai raka shi har cikin ɗakin.

Hajiya, kina ji na? Kin wanke ƙafafun Kaka shekaru masu yawa ba wanda ya sani sai mu. Kin dafa wa makaranta abinci kowace Lahadi kina yi musu tsiya. Mun gani, kuma yau kowa ya ji. Allah ya ba ki haƙuri, ba za mu bar ki ke kaɗai a sama ba.

Baba, Baffa, Inna Ruwaida, kun ji nauyin tsayawa a nan, na tsaya muku. In na faɗi abin da bai kamata ba game da mahaifinku, ku tuna shi ya ba mu wannan damar tun muna tatata.

Iyayenmu mazan jiya, teburin guga yana nan. Hajiya ta ce in ta fita takaba falon a buɗe yake, sai dai ku zaɓi wanda zai zauna bayansa. Akwai waɗanda ba a kai ga ƙararsu ba tukuna, kun san su.

Ku kuma jama'a, ina da roƙo ɗaya. In an tashi za ku je gaishe da Baba Ilya. Kada ku dube shi da tausayi, ba ya so. Kada ku bar shi ya taya kwashe kujeru, zai gwada. In kuma kun tambaye shi jiki, ku jawo kujera ku zauna ku ji amsar har ƙarshe. Yana bukatar ya saba kafin Alhamis.

Mun gode wa Malam Liman. Mun gode wa Alhaji Sa'ad da Hajiya Aisata. Mun gode wa duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da wanda ya dafa, da wanda ya kira daga Damagaram da Tawa da Yamai. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Allah ya jiƙan Kaka Abdulhamid. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya hutar da bayan nan da bai huta ba a duniya. Allah ya sa ciwon da ya ɗauka ya zama kankarar zunubi, rakiyar da ya yi wa mutane ta zama haske a gabansa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga shi, ya kyautata namu ƙarshen. Allah ya haɗa Baba Ilya da likita mai saurare, ya riƙe masa zuciya a bakin ƙofar.

Baba Ilya, na faɗi duk abin da ka ba ni, ban rage ba. Saura naka.

Malam Liman, a yi mana fatiha.